An Tsaga Cikin Ɗan Gunya

Litinin, 11 ga Satumba, bayan la'asar

Ba wani abu. Baba Na-Allah ya tafi Guéné gaisuwar mutuwa tun da safe, na shiga barga ni kaɗai, na fito. Na wanke zanena, farin abin nan bai fita duka ba. An yi zafi yau.

Talata, 12 ga Satumba, hantsi

Ɗan Gunya ya ƙi nono. Tun da gari ya waye yake kwanciya yana tashi, yana waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba. Uwarsa Gunya na tsaye a kansa tana huci. Watansa biyar da 'yan kwanaki, ban taɓa ganin ya juya wa nono baya ba.

Bari in rubuta a nan don in gani da idona: dukushin nan nawa ne. Alhaji, Allah ya jiƙansa, ya faɗa a gaban Yaya Zahiru da liman, yana kwance, saura kwana huɗu ya cika: "Abin da ke cikin goɗiyag ga na Nafissa na." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, wai mace da doki, mai sayar da albasa kuma. Bai ga haihuwar ba. Dawaki bakwai na tashi na tarar a gidan nan, yau saura goɗiya ɗaya da ɗanta.

Baba Na-Allah ya jiƙa kanwa ya ɗura masa, yana ta zagaya tsakar gida da shi don kada ya yi birgima. Shekara talatin da wani abu yana kiwon dawakin mahaifina, tun ba a yaye ni ba, kuma bai yarda da komai ba sai kanwa da sassaƙen maɗaci. Tun watan jiya nake ce masa cikin yaron nan ya yi tulu, gashinsa ya tashi, haƙarƙari a waje, tsutsa ce. Sai ya ce: "Ɗiyar Alhaji, tsutsad doki ba a yi mata gaggawa. Sannu-sannu aka rarrashinta ta hita." Rarrashin tsutsa! Shekara goma na yi a lekol ina karatun boko don in tsaya ina sauraron wannan.

Ya tambaye ni ko wani ya shiga barga jiya da ba ya nan. Na ce ina da aikin da ya fi gadin barga.

Talata, bayan la'asar

Ma'aikacin dabbobi na nan garin ya zo a kan moto mai ƙafa biyu, ya yi masa allurar rage ciwo, ya kara kunne a cikin, ya girgiza kai. Ya ce hanji ne ya toshe. Ya ce shi aikinsa rigakafin shanu, mutum ɗaya ya sani da ya taɓa buɗe cikin doki ya rufe, dokin ya tashi: Lokotoro Oumarou, likitan dabbobi, a Gaya.

Gaya! Da a bara ne, in hau moto in haye gada in dawo kafin shayi ya huce. Yanzu wata ɗaya da rabi gadar kan iyakar na rufe, kamyo, manyan motocin kaya, sun yi layi har ba a ganin ƙarshensu, albasata tana tsiro a magaza, ɗakin ajiyata. Manya ke faɗa, mu muke sha.

Yaya Zahiru ya tsaya a bakin barga, hannu a baya, kamar mai duba kayan da bai yi niyyar saye ba. "Nafi, wa yat taɓa jin an tsaga cikin doki? Ki bar ma Allah kayanai, kar ki tara muna jama'a."

Na ce: "Yaya, Allahn da yab ba ni shi, shi yay yi lokotoro."

Na san abin da ke ransa. Tun da aka rufe gada yake lissafin yadda zai rufa wa bargar nan kwano ta zama wurin ajiye kaya. Ya jira, ban mutu ba tukuna.

Na kira lokotoron. Ya ce in akwai jirgi zai zo. Na je bakin kogi na sami Kadiri, wanda ke haye mini da albasa tun da aka koma bin ruwa. Ya ce kogi ya cika, kuma sojojin can wani lokaci su bari, wani lokaci su koro. Na ce ban tambaye shi labarin sojoji ba. Zai tafi da sassafe.

Laraba, 13 ga Satumba, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda aka yi.

Ƙarfe takwas suka iso. Ɗan gajeren mutum, akwati biyu, wando jiƙe har gwiwa. Ko ruwan da aka kawo masa bai kalla ba. Ya zura wa Ɗan Gunya doguwar roba ta hanci har ciki, ruwa kore ya zubo a bokiti, da tsutsa uku a ciki. Farare, kaurin biro, tsawon ya kai kamu. Ba ko ɗaya mai motsi.

Ya ɗaga kai ya dubi Baba Na-Allah. "Baba, an ba shi maganin tsutsa kwanan ga?"

"Ko kusa. Maɗaci ɗai nika ba shi, kaɗan-kaɗan, ran Juma'a."

Ni ba a tambaye ni ba.

Sai lokotoro ya ce: "In ban tsaga ba, bai kai gobe. In na tsaga, cikin ukku ɗaya ka tashi. Wa ad da dokin?" Yaya ya buɗe baki, na riga shi. Na ce ni. Ya ce: "To, Hajiya?" Na ce tsaga.

A zauren Alhaji aka yi, don nan ne akwai siminti. Na share, na wanke da ruwan jabel mai kashe ƙwayar cuta sau biyu, aka ɗora tukunyar da muke girkin suna aka tafasa ruwa. Na kira 'yan dakona huɗu daga magaza. Ma'aikacin nan ya yi allurar barci, Ɗan Gunya ya sulale, aka kwantar da shi rigingine tsakanin buhunan dusa, kowane ƙato da ƙafa ɗaya. Baba Na-Allah ya zauna a ƙasa ya ɗora kan a cinyarsa, ya rufe masa ido da hularsa, yana yi masa magana a kunne. Yaya ya ce mace ba ta tsayawa wurin nan. Na ce to ya shigo ya riƙe roba. Bai shigo ba.

Aka aske cikin, aka wanke, lokotoro ya ja wuƙa daga cibiya ya yi gaba. Ban kau da kai ba, ina so a san wannan. Ya zura hannu ya jawo hanjin waje, wani wuri ya kumbura ya yi tauri kamar safar da aka cusa wa tsumma. Ya yi ɗan ƙaramin tsagi, ya shiga matsewa kamar mai tatsar saniya, suna faɗowa cikin robar da ke hannuna, suna faɗowa, suna faɗowa. Robar wankina ce babba, sai da ta kusa rabi. Warin ba zan iya rubuta shi ba. Inuwa, wanda ke ɗaukar buhu biyu a ka yana waƙa, ya saki ƙafar da ke hannunsa ya fita a guje, muka jiyo shi yana amai a bayan katanga. Na ajiye roba na riƙe ƙafar.

Lokotoro ya ɗinke hanjin, ya wanke, ya mayar, ya ɗinke cikin hawa uku. Ɗinkinsa ya fi na telan bakin tasha kyau. Awa ɗaya da rabi, kuma duk tsawon lokacin ban ji ya ce komai ba sai "ƙara ruwa" da "kori ƙuda".

Da Ɗan Gunya ya farka ya yunƙura ya faɗi, ya sake ya faɗi. Na uku Baba ya tallafe wuya, lokotoro ya kama wutsiya, ya tsaya yana kyarma, ƙafafu a warwatse. Nan ne na yi kuka, kuma ban ɓoye ba.

Lokotoro ya tona robar da tsinke. "Dut matattu na. Wani abu yak kashe su gaba ɗaya, sunka dunƙule sunka toshe hanya."

Yaya daga bakin ƙofa: "Kun ji ko! Maɗacin tsohon ga na!"

Lokotoro ya fara cewa maɗaci ba ya yin haka, amma masu leƙe sun cika ƙofa, kowa na faɗin albarkacin bakinsa, ba wanda ya ji. Ya ɗan dube ni, ya ci gaba da wanke almakashinsa.

Dokokinsa: takunkumi a baki, ba nono ba ciyawa sai ya yi kashi. Ruwa ta jijiya. Allura safe da yamma. Kada ya kwanta a kan ɗinkin. Kadiri ya mayar da shi tun rana ba ta yi sanyi ba.

Alhamis, 14 ga Satumba, hantsi

Bai yi kashi ba.

Alhamis, bayan la'asar

Unguwa duk ta zo ganin tsutsa, har da waɗanda ba su zo gaisuwar Alhaji ba. A gabansu, a ƙofar gida, Yaya ya tare Baba Na-Allah. Ina cikin zaure, ina jin komai.

"Shekara talatin kana cin tuwon gidan ga. Doki bakwai sun koma biyu ga hannunka, yanzu ka so ka ida na ƙarshe da sassaƙenka. Mun gode. Ka tahi hakanan."

Alhali Yaya ne ya sayar da uku daga cikin bakwai ɗin, kowa ya sani. Ni kuma hannuna na riƙe da robar ƙarin ruwa, an ce kada a bari ta sauko ƙasa da kafaɗar dokin. Ba zan iya saki ba. Akwai ƙusa a bango, na sani. Ba zan iya saki ba.

Baba ya ɗaure tabarmarsa da buta da rediyo a bayan keke. Ya shigo, ya hura wa Ɗan Gunya iska a hanci yadda yake yi kullum, ya ce da ni: "Ɗiyar Alhaji, in ya yi kashi ki murza da hannu ki gani. In da taushi, to." Ya tafi garinsu, Garou.

Bai yi kashi ba.

Juma'a, 15 ga Satumba, azahar

YA YI!

Dunƙule uku, ƙanana, baƙaƙe. Na murza da hannu, da taushi. Yau kasuwa ke ci, ban leƙa ba, ko a jikina. Na kwashe a faifai na kai wa Yaya har inda yake shan shayi da abokansa, na ajiye kusa da tire. Na ce: "Yaya, ga saƙo daga wanda kac ce bai kai Juma'a." Ya ce ba ni da kunya. Na ce wurin rabon gado aka ba shi tawa.

Na aika wa lokotoro hoto. Ya ce a cire takunkumi ya sha nono kaɗan, bayan kowace awa biyu.

Lahadi, 17 ga Satumba, hantsi

Yana shan nono, ba da yawa ba. Karimatu maƙwabciyata ta zo ta ce ana faɗi a rijiya wai na kawo ɗan Gaya ya yi tsafi a zauren mahaifina, wai an ciro maciji mai kai biyu. Wata kuma wai mijinta ya ce da shi ne, da man ja kawai zai warkar. Dokin mai baki ya fi gudu. Ba wanda ya zo da man jan ranar Talata.

Ta ce kuma ana tsine wa Baba Na-Allah. Na ce mata ta miƙo mini almakashi.

Talata, 19 ga Satumba, bayan azahar

Zazzaɓi. Kunnuwansa zafi rau, kuma ƙasan ɗinkin ya kumbura yana ɗigar ruwa rawaya. Na yaga sabon zane na tafasa na ɗaure masa cikin. Ƙuda sun ishe ni.

Na kira lokotoro, ya faɗi allurar da za a canza, ya ce in matse ruwan in wanke sau uku a rana. Har zan kashe waya ya ce: "Hajiya, ni ban tambaye ki komi ba. Amma dukushin da tsutsa tac cika ma ciki, ba a ba shi mai ƙarhi kai tsaye. Mai sanyi aka farawa da shi, kaɗan-kaɗan, su hita bi da bi. Don gaba nika hwaɗi."

Na ce na gode. Kaɗan-kaɗan. Har shi.

Alhamis, 21 ga Satumba, hantsi

Zazzaɓin ya sauka, amma ya daina shan nono. Ya kai baki ya janye. Gunya ma ta rage cin dusa, duk ƙarar keke da ta ji a waje sai ta ɗaga kai ta yi haniniya. Na je in kama ta in matso da ita kusa da ɗan, ta cije ni a kafaɗa. Ni da ke sayo mata dusar.

An ce a riƙa ɗan zagayawa da shi don hanji ya motsa. Na ja igiya, ya kafe. Na lallashe shi, na yi masa tsawa, na yi fito irin na Baba, ya dube ni kamar ya ce wa ya aike ki. Sau huɗu yau ya kwanta a kan ɗinkin, sau huɗu na kira Inuwa muka ɗaga shi.

Juma'a, 22 ga Satumba, magariba

Bai sha ba. Ni ba a tambaye ni ba, ai. Kowa yana wurin, kowa ya ji, Baba aka tambaya.

Asabar, 23 ga Satumba, hantsi

Yaya ya kawo magini ya auna barga. A gaban dokin! Yana tsaye kansa a ƙasa, suna ja masa igiyar awo ta ƙarƙashin wuya. Na fizge igiyar na wurga ta bayan katanga, na ce wa maginin in ya sake taka nan sai ya auna tsawon taɓaryata. Ya fita yana ba ni haƙuri, shi ba ruwansa.

Yaya ya ce: "Ki yi ta hauka. Wallahi bai kai Mauludi."

Mauludi Laraba ne. Zai kai. Ko da a kafaɗata zan kai shi.

Lahadi, 24 ga Satumba, la'asar

Kadiri ya je ɗauko lokotoro, an koro su daga gaɓar can, ba a ba kowa dalili ba. Lokotoro ya kira ni daga bakin ruwa. Na nuna masa ɗinkin ta waya, ya ce ciwon yana kamewa, ba nan matsalar take ba. "Wuƙa ta yi nata, allura ta yi nata. Yanzu sai shi ci. In bai ci ba cikin kwana ukku ko huɗu, ba ni da sauran dabara. Wa yas saba ba shi abinci?"

Na waiwaya na dubi ƙofar tsohon ɗakin Baba.

Ƙugunsa ya fito, ana iya rataya buta a kai.

Litinin, 25 ga Satumba, bayan azahar

To. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma kaye ba ya kai ƙara.

Na sayi maganin tsutsa ranar kasuwa, wajen masu maganin dabbobi, farin kwali da hoton doki a jiki. Na karanta takardar da ke ciki tun daga sama har ƙasa, da faransancina na lekol. An ce a auna nauyin dabba. Shekara goma sha biyu ina sayar da albasa, idona sikeli ne, na dube shi na ce buhu ɗaya da rabi, kuma na rantse ban yi kuskure ba. Na jira Baba ya tafi Guéné, na matse masa a kan harshe, ya fesar da kaɗan a zanena. Na jefa kwalin a masai.

Ba sharri na nufa ba. So na yi bayan sati biyu, in gashinsa ya kwanta cikin ya sace, Baba ya fara yabon maɗacinsa, in ce masa a'a, ni ce. Abin da na so ke nan, in ga fuskarsa.

Maganin ya yi aiki, ya kashe su duka kamar yadda aka rubuta. Ba a rubuta inda gawarwakin za su bi ba.

Talata, 26 ga Satumba, bayan la'asar

Na hau moto zuwa Garou. Hanya duk caɓi, sau biyu na sauka muka tura. Na sami Baba a gonar shinkafar ƙanensa yana korar tsuntsaye da gwangwani. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar jiya muka rabu.

Abu na farko da ya tambaya: "Shina sha?"

Na ce kwana biyar ke nan. Ya ajiye gwangwanin. Sai na faɗa, kaina a ƙasa, tun daga kwalin har masai.

Ya ce: "Na sani. Da nid dawo ran Litinin na ga hwarin abu ga leɓenai, na shinshina."

"Baba, don mi ba ka hwaɗi ba?"

"Ba ga bakina ya kamata a ji ba. Na goye ki ga bayana kina hitsari."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ce ya zo, don Allah, don Alhaji. Ya ce ya zo a matsayin wa, wanda ya cinye dawaki bakwai? Na ce a ƙofar da aka faɗa masa, a nan zan faɗi tawa, a gaban waɗanda suka ji. Sannan ya ce in na wuce kasuwa in sayi sabuwar ƙwarya, ba roba ba.

Laraba, 27 ga Satumba, Mauludi, bayan azahar

Ya kai.

Da hantsi ƙofar gida ta cika, Yaya ya shimfiɗa tabarmi ana rabon abinci, liman na nan, 'yan rijiya na leƙe ta katanga. Na sa mayafi na fito. Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na shirya.

"Jama'a, maganin da yat toshe cikin dokin ga, ni nab ba shi. Ga kasuwa nis sawo, ɓoye nib ba shi. Baba Na-Allah bai sani ba, shi ma hana ni yay yi. Abin da anka ce mai a ƙohwag ga ƙarya na, kuma ina ji niy yi shiru."

Wani ya ajiye cokali. Yaya ya miƙe, idonsa ja: "Kin kunyata ni gaban mutane."

Na ce: "Yaya, tare munka yi. Kai kab buɗe baki, ni nir ruhe nawa."

Liman ya ce a yi salati, aka yi. Karimatu ta ce daga baya wai fuskata ta yi kamar zan doki wani. Ban san yadda ake yin fuskar neman gafara ba, ba a koya mini ba.

Ashe Baba Na-Allah yana tsaye da kekensa a gindin dalbejiyar kan kwana, ya ji duka. Ya ratsa mutane bai dubi kowa ba. Gunya ta kusa tsinke igiya. Ya karɓi ƙwaryar, ya durƙusa ya tatse ta, ita da ta cije ni, tana tsaye kamar tunkiya. Ya zauna a ƙasa gaban Ɗan Gunya, ya hura masa hanci, ya tsoma yatsu biyu a nonon ya sa masa a baki. Ya janye. Ya sake. Ya janye. Fiye da rabin awa suna haka, Baba na ta yi masa hira ƙasa-ƙasa, labarin kakansa, wani ingarma da ya taɓa haye kogin nan da iyo. Sai na ji tsotso.

Rabin ƙwarya ya sha. Na tsaya a bakin barga kamar baƙuwa, kuma ban damu ba.

Asabar, 30 ga Satumba, hantsi

Yana kama nono da kansa. Jiya ya tsinki ɗanyar ciyawar da Baba ya yanko daga fadama. Sun zagaya tsakar gida sau biyar, ba igiya ma, bin sa kawai yake.

Baba yana zuwa bayan asuba ya tafi da magariba, wajen wani ɗan'uwansa yake kwana a bakin kogi. Ba ya shiga tsohon ɗakinsa. Na kai masa tuwo, ya ce ya ƙoshi. Na kai fura, ya ce ya ƙoshi. Garin rogonsa yake jiƙawa a gwangwani. Yaya ya aiko masa da goro ta hannun liman, ya karɓa ya yi godiya ya ba Inuwa.

Na ga ya ajiye masa kanwa ya lasa. Na buɗe baki, na rufe.

Litinin, 2 ga Oktoba, azahar

An cire zare. Ma'aikacin nan ya cire, lokotoro na kallo ta waya yana ba da umarni daga Gaya. Ashirin da shida na ƙirga. Ya ce a tsare shi a barga wata biyu, ba gudu, kuma kada in saki jiki, wani lokaci hanji kan manne daga baya. Na ce na ji. Ya ce: "Cikin ukku ɗaya nic ce miki ko? To ga ɗayan."

Yaya bai sake maganar kwano ba. Bai kuma yi mini magana ba. Kunnena ya huta.

Alhamis, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

Da safe na sunkuya in duba tabon, kamar kullum. Ban ankara ba ya murɗa ƙugu ya sakar mini ƙafa a cinya. Na tafi da baya na faɗa cikin kwandon dusa, ƙafafu sama. Dukushin da mako biyu da suka wuce sai an ɗaga shi!

Baba ya yi dariya har ya dafa turke, har hawaye. Rabona da jin dariyarsa tun Alhaji na da rai. "Ya rama, ɗiyar Alhaji! Wallahi ya rama!" Ni ma ina kwance cikin dusa ina dariya ina kuka, cinya na zugi.

Da ya share ido ya ce dokin da ya iya harbi ya tashi. Ya nuna mini yadda ake tsayawa kusa da kafaɗa, hannu ɗaya a gadon baya, don ya san inda nake. Ya sa na yi sau uku. Ya nuna mini irin ciyawar da za a yanko da wadda za a bari, da yawan dusa, da lokacin ruwa. Ina ta cewa to, to, ban gane inda ya dosa ba sai da na ga ya ɗauko kekensa tun rana na sama.

Na ce: "Baba, ɗakinka na nan, na share shi."

Ya ce: "Na gani. Allah shi yi miki albarka. Na yahe miki tun ga gona, shi ma Zahiru na yahe mai. Amma na tsuhwa ga jin irin waccan magana sau biyu, kuma wanda yaf faɗe ta sau ɗaya shina iya ƙarawa."

Na riƙe kan keken. Ya cire hannuna a hankali, yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mini laujensa. Gunya ta yi ta kira har ya sha kwana.

Cinyata ta kumbura, shatin kofato ya fito sarai, da kyar nake takawa. Ciyawar da ke barga ba za ta wuce daren yau ba. Gobe da asuba ni ce fadama, da ɗingishina, kuma ban taɓa riƙe lauje ba. Duk mai son kallo ya fito da wuri.